Ra'ayinmu: A Bar Yaro Ya Kai Sha Huɗu Kafin A Sa Masa Hular Kwano

A watan Janairun 2024, wani kwamiti na majalisar dokokin jihar Kalifoniya a Amurka ya amince da ƙudurin da zai hana yara 'yan ƙasa da shekara 12 buga ƙwallon Amurka irin na kayarwa. Iyaye da masu horar da yara suka cika harabar majalisa suna cewa ba su yarda ba. Cikin 'yan kwanaki gwamnan jihar, Gavin Newsom, ya fito ya ce ko majalisa ta zartar ba zai sa hannu ba, domin bai ga dalilin ƙwace wa iyaye 'yancin zaɓar wa 'ya'yansu wasa ba. Nan ƙudurin ya kwanta. Kafin Kalifoniya an gwada irin wannan doka a New York, Illinois, Massachusetts, New Jersey da Maryland, babu inda ta kai labari.

Ga wanda bai san wasan ba, wannan ba ƙwallon da muke bugawa a unguwa ba ce. Ƙwallon doguwa ce mai tsini biyu, a hannu ake riƙe ta ana gudu da ita, mutum goma sha ɗaya kowane ɓangare. Hanyar tsayar da mai ƙwallo ita ce a cafke shi a kai shi ƙasa. Kafin ma a zo kansa, a farkon kowane bugu manyan 'yan wasan da ke sahun gaba sukan durƙusa suna fuskantar juna, da an saki ƙwallo sai su yi karo, kafaɗa da kafaɗa, sau da yawa kai da kai. Saboda haka kowa na sanye da hular kwano mai garkuwar fuska da matasan kafaɗa. A ƙungiyar Pop Warner, wadda aka kafa a Philadelphia a 1929, yaro ɗan shekara biyar ma yana iya sa wannan kaya ya shiga fili. A makarantun sakandare kuwa, samari kimanin miliyan ɗaya ne ke buga wasan kowace shekara, ya fi kowane wasa yawan maza.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan Kano da Damagaram da wannan? Ruwanmu shi ne wasan ya taso mana. Hukumar NFL, mai gasar ƙwararru, ta kafa sansanin neman matasa a Accra a 2022, ta je Kenya a 2023, ta zo Legas a 2024, ƙarƙashin jagorancin Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasan New York Giants ɗan asalin Najeriya. Ga kuma 'yan'uwanmu mazauna Bronx da Houston da sauran biranen Amurka, waɗanda yaransu ke dawowa daga makaranta da takardar neman izini su ce Baba sa mini hannu. Bugu da ƙari, likitan da ya fara tona illar da wasan ke yi wa ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya ne.

Bari mu fara da masu kare wasan, domin hujjarsu ba ta wasa ba ce. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ce kusan yaro ɗaya cikin biyar a ƙasar yana fama da ƙiba mai cutarwa. Yaron da ya tashi da ƙiba yana tafe da haɗarin ciwon sukari da hawan jini tun bai kai talatin ba. Yawancin wasanni ba sa maraba da irin wannan yaro. A ƙwallon ƙafa shi ake turawa gola ko a bar shi a benci, a ƙwallon kwando ba ya iya bin gudu. Amma a ƙwallon Amurka shi ake nema. Koci na ganinsa zai ce ga wanda zai tsaya mana a sahun gaba. Yaron da ake yi wa dariya a aji, sai ga shi abokansa na dogaro da shi, yana tashi da asuba yana motsa jiki don kada ya ba su kunya. Wanda ya raina wannan bai san abin da tsangwama ke yi wa zuciyar yaro ba.

Sai tarbiyya. A unguwannin da talauci da bindiga da ƙwaya suka yi katutu, lokacin da ya fi haɗari ga yaro shi ne tsakanin tashi daga makaranta da dawowar iyaye daga aiki. Atisaye na cike wannan giɓi. Yaro na hannun babba wanda ya san sunansa, yana tambayarsa sakamakon jarrabawa, domin a makarantu da yawa wanda ya faɗi ba ya buga wasa. Ga yaran da suka tashi babu uba a gida, koci kan zama uban da suka sani. A ƙananan garuruwan Texas da Alabama da Ohio, daren Juma'a na wasan sakandare shi ne taron gari gaba ɗaya, tsoho da yaro kowa na bakin fili. Ga kuma fatan samun tallafin karatu a jami'a, a ƙasar da kuɗin karatu ke jefa iyali cikin bashin shekaru. Sai dai a nan dole a faɗa wa iyaye gaskiyar lissafi: alƙaluman hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA sun nuna kimanin 7 cikin 100 na 'yan wasan sakandare ne ke samun buga wasa a jami'o'inta, kuma cikin waɗanda suka kai can, ƙasa da 2 cikin 100 ne NFL ke ɗauka.

Duk wannan amfani mun yarda da shi. Tambayarmu guda ce: daga ina amfanin yake fitowa? Daga gudu da zufa da haɗin kai da idon babba a kan yaro, ko daga karon kai? Idan daga na farko ne, to ana iya samunsa ba tare da na biyun ba.

A watan Satumban 2002 aka kai gawar Mike Webster, tsohon gwarzon ƙungiyar Pittsburgh Steelers, ɗakin binciken gawa a birnin Pittsburgh. Ya rasu yana da shekara 50, bayan shekarun ruɗewa da mantuwa, har ya kai ga kwana a cikin mota. Likitan da ke bakin aiki shi ne Dakta Bennet Omalu, ɗan jihar Anambra, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka. Da ido ƙwaƙwalwar ba ta nuna komai ba. Omalu bai gamsu ba, ya sa aka yayyanka ta aka rina aka duba da madubin likita, sai ga wani sinadari da ake kira tau ya dunƙule a wurare da dama, irin abin da ba a sa ran gani ga mai wannan shekaru. Ya wallafa bincikensa a 2005, ya kira cutar CTE. Cutar ba baƙuwa ba ce, tun 1928 wani likita a New Jersey, Harrison Martland, ya bayyana alamunta a jikin 'yan damben boksin. Abin da ya zama sabo shi ne ganinta a ɗan ƙwallo mai hular kwano. Likitocin kwamitin NFL suka nemi a janye rahoton. Sai a watan Maris na 2016 wani babban jami'in hukumar ya amsa a gaban 'yan majalisar tarayya cewa lallai akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. A 2022 kuma cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, ta rubuta a fili cewa yawan buguwar kai na cikin abubuwan da ke haddasa ta.

Me ya hana hular kwano ta yi maganin abin? An ƙera ta ne don kada ƙoƙon kai ya fashe, kuma ta yi wannan aiki da kyau. Amma ƙwaƙwalwa ba a manne take da ƙoƙon kai ba, tana cikin ruwa ne, taushi gare ta. Idan kai na tafe da gudu ya tsaya farat ɗaya, ko ya juya da ƙarfi, ƙwaƙwalwa na ci gaba da tafiya a ciki, ta bugi bango, jijiyoyinta su miƙe su murɗe. Ko ka naɗe ƙwarya da bargo goma, in ka jijjiga ta kindirmon ciki sai ya kaɗu. Wani lokacin buguwar kan nuna kanta, yaro ya ga jiri, ya yi amai, ya manta inda yake, wannan ita ce girgizar ƙwaƙwalwa da kowa ya sani. Amma abin da ya fi damun masu bincike yanzu shi ne ƙananan karon da ba sa nuna komai, waɗanda yaro ke tashi daga gare su ya kakkaɓe jiki ya koma layi, sau ɗaruruwa a kakar wasa guda.

Mafi yawan alƙaluman da ke tayar da hankali sun fito ne daga Jami'ar Boston, inda Dakta Ann McKee ke kula da ma'ajiyar ƙwaƙwalen da iyalai suka bayar. A 2017 ta ba da rahoton ƙwaƙwale 202 na tsofaffin 'yan wasa: 177 na da CTE. Cikin 111 da suka buga NFL, 110 na da ita. Cikin 14 da suka tsaya a sakandare, uku. A 2019 tawagarta ta nuna cewa kowace shekara guda ta ƙarin wasa na ƙara yiwuwar kamuwa da kimanin kashi 30 cikin 100. A 2023 kuma ta duba ƙwaƙwalen matasa 152 masu wasannin karo da suka rasu kafin su cika shekara 30, ta sami cutar a 63, mafi yawansu a matakin farko, kuma mafi yawansu ba su taɓa zama ƙwararru ba.

Adalci ya wajabta mu faɗi raunin waɗannan alƙaluma, kuma McKee da kanta tana faɗa. Iyalan da ke bayar da ƙwaƙwalwa galibi waɗanda suka ga canji a mamacinsu ne. Wanda ya buga ƙwallo ya tsufa lafiya lau cikin jikokinsa, ba kasafai ake kai tasa ba. Saboda haka kuskure ne babba a ce kashi 99 cikin 100 na 'yan wasa na da cutar, kamar yadda wasu ke yayatawa. Har yau kuma ba a tabbatar da CTE sai bayan mutuwa. Akwai ma binciken da ya zo da labari mai sanyi. Wani da aka wallafa a 2017 ya bi mazan da suka gama sakandare a jihar Wisconsin a 1957, ya tarar waɗanda suka buga ƙwallo ba su fi sauran matsalar tunani ko ciwon damuwa ba da suka kai shekara 65. Asibitin Mayo ya yi makamancinsa a kan ɗaliban garin Rochester na shekarun 1946 zuwa 1956, bai ga ƙarin cutar mantuwa ba. Batun shekarun farawa ma ana jayayya a kansa: binciken Boston na 2015 a kan tsofaffin 'yan NFL 42 ya nuna waɗanda suka fara kafin shekara 12 sun fi rauni a gwajin tunani, amma binciken da aka yi daga baya a kan ɗaliban jami'a bai ga wannan bambanci ba.

To ina aka kwana? A karatunmu waɗannan sakamako ba sa rushe juna. Mazan Wisconsin sun buga 'yan shekaru ne a sakandare, a zamanin da 'yan wasa ba su kai na yanzu girma da gudu ba, suka ajiye. Abin da binciken ke nunawa tare shi ne cutar na bin yawan karon da kai ya tara a tsawon rayuwa. Wanda ya buga shekara huɗu haɗarinsa kaɗan ne. Wanda ya fara yana ɗan shida ya buga har ƙarshen sakandare ya tara shekara goma sha biyu tun bai kai lokacin jefa ƙuri'a ba. Ko da ta tabbata cewa ƙwaƙwalwar ɗan shekara takwas ba ta fi ta ɗan sha shida rauni ba, fara wasa da wuri na ƙara shekarun karo, kuma shekarun ne ake ƙirgawa.

Dubi jikin yaron kansa. Kan ɗan shekara shida ya kusa kai girman na babba, amma wuyansa siriri ne. Ka ɗora masa hular kwano, ka ƙara wa wuyan kaya. Mutane kan ce ai yara ba su da ƙarfi, karonsu kamar wasa ne. A 2012 masu bincike na Jami'ar Virginia Tech suka sa na'urar auna bugu a hulunan yara bakwai 'yan shekara bakwai da takwas. Kowane yaro ya sha bugu 107 a matsakaici a kakar wasa, wasu daga ciki sun kai ƙarfin na 'yan jami'a, kuma mafi munin a wajen atisaye aka yi su, ba a gasa ba. Akwai wani tsohon atisaye da ake yi: a ware yara biyu, a sa su fuskanci juna a ɗan siririn lungu, sauran su kewaye suna ihu, koci ya busa usur su ruga su yi karo har ɗaya ya faɗi. Ana yinsa ne don a ga wane ne namiji. A 2019 NFL ta ce wa ƙungiyoyinta su daina shi ga ƙattin da ake biya miliyoyin daloli. Bai kamata a ce ana yi wa ɗan firamare ba.

Alƙalamin da ya fi yi mana nauyi shi ne na hukumar CDC na 2021, domin ya kwatanta abu biyu da iyaye za su iya zaɓa a tsakaninsu. Akwai wani nau'in wasan da ba a kayarwa: kowane ɗan wasa na ɗaure da ƙyalle a ƙugu, in ka zare ƙyallen mai ƙwallo ka tsayar da shi. Gudu iri ɗaya, jifa iri ɗaya, dabara iri ɗaya. CDC ta bi yara 'yan shekara 6 zuwa 14 a nau'o'in biyu. A kowane atisaye ko gasa, masu kayarwa sun sha bugun kai ninki 15 na masu zare ƙyalle, bugu mai tsanani kuma ninki 23. A kakar wasa guda, matsakaicin yaro mai kayarwa ya tara 378, mai zare ƙyalle 8. Wani bincike a yankin Seattle kuma ya nuna kimanin yara 5 cikin 100 masu kayarwa, 'yan shekara 5 zuwa 14, na samun girgizar ƙwaƙwalwa a kowace kaka.

Ba duk haɗarin ne ke jiran tsufa ba. A 2006 wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Washintan, Zackery Lystedt, ya bugi ƙasa da kai gab da hutun rabin lokaci. An gan shi kwance riƙe da hularsa da hannu biyu. Ya ɗan huta a gefe, aka mayar da shi fili. Da aka tashi wasa ya yanke jiki ya faɗi. Jirgi mai saukar ungulu ya kai shi asibiti a Seattle, aka buɗe ƙoƙon kansa don rage kumburi, ya yi wata tara bai furta kalma ba. A 2009 jihar ta yi dokar da ke ɗauke da sunansa: duk yaron da ake zargin ya bugu a kai a fitar da shi nan take, kuma ba zai dawo ba sai da takardar ma'aikacin lafiya. Zuwa 2014 duk jihohi 50 sun yi irinta. Doka ce mai kyau ƙwarai, amma aikinta na farawa ne bayan bugu ya auku, kuma ta dogara da a sami mai lura. Filayen ƙananan yara galibi iyaye 'yan sa kai ne ke riƙe da su, babu ma'aikacin lafiya a gefe. Yaro kuwa na ɓoye ciwon kai don kada a ce masa rago.

Hujja mafi ƙarfi da ta rage wa masu son farawa da wuri ita ce ta koyo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji su: gara yaro ya koyi kayarwa daidai, kai a sama, kafaɗa a gaba, tun yana ƙarami mara nauyi, da a ce ya fara yana ɗan sha huɗu cikin ƙatti bai san yadda zai kare kansa ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta ambaci wannan fargaba a 2015, shi ya sa ba ta nemi a haramta ba, sai ta ce a faɗaɗa wasan zare ƙyalle, a hukunta masu sa kai a gaba, a samar da ma'aikatan lafiya. Mun ɗauki maganar da muhimmanci. Amma fargaba ce, ba sakamakon bincike ba. Kuma idan kowa a sha huɗu zai fara, babu wanda ya riga wani ƙwarewa, sai a ware makonnin farko a koya musu a kan katifa da buhunan atisaye. Tarihin wasan kansa bai goyi bayan gaggawa ba. Tom Brady, wanda ya ci kofin Super Bowl na NFL sau bakwai, sai a sakandare ya fara wasan kayarwa. Christian Okoye, haifaffen Enugu, mai jifan faifai ne, sai yana ɗan shekara 23 ya fara ƙwallon Amurka, amma a 1989 shi ya fi kowa nisan gudu da ƙwallo a NFL. Ezekiel Ansah na Ghana a jami'a ya fara a 2010, a 2013 ƙungiyar Detroit Lions ta ɗauke shi na biyar a zaɓen sabbin 'yan wasan NFL na shekarar.

Masu kare wasan kan ce an gyara shi, kuma gaskiya ne gyara na aiki idan da gaske aka yi. A 1905 aƙalla 'yan wasa 18 suka mutu, Shugaba Theodore Roosevelt ya kira shugabannin wasan fadar White House, aka sauya dokoki. A 1976 aka haramta sukar abokin karawa da tsakar kai, yawan masu karyewar wuya har su shanye ya sauko daga 34 a shekarar zuwa 5 a 1984. Pop Warner ta rage lokacin karo a atisaye a 2012, ta soke bugun buɗe wasa ga ƙananan rukunai a 2016. Amma a lura, duk gyaran da ya yi tasiri na rage karo ne. Inda aka dogara da koyar da salo kawai, sakamakon bai kai abin da aka tallata ba. Shirin Heads Up Football, wanda NFL ta ɗauki nauyi, an yi ta yaɗa cewa ya rage girgizar ƙwaƙwalwa sosai, sai jaridar New York Times ta bankaɗo a 2016 cewa cikakken binciken bai nuna haka ba.

Saura maganar Gwamna Newsom ta 'yancin iyaye. Mu mutane ne masu girmama ikon uba da uwa a kan ɗansu, ba ma son hukuma ta shiga kowane ɗaki. Amma Amurkan nan ce ta tilasta kujerar jarirai a mota, ta hana sayar wa yaro taba, ta haramta fenti mai dalma a gidaje, ba ta bar wa iyaye zaɓi ba. A fagen wasa ma an yi: hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da kai tun 2015, Ingila kuma ta fara cire shi daga gasar ƙananan yara a 2024. Sannan zaɓin nan ba daidai yake a hannun kowa ba. Iyalai masu hali, waɗanda ke da likita a dangi da kuɗin wasan ninkaya ko tanis, su ne suka fi janye 'ya'yansu. Shugaba Barack Obama ma ya ce a 2013 da yana da ɗa namiji sai ya yi dogon tunani kafin ya bar shi ya buga. Ɗan talaka, wanda ke kallon ƙwallo a matsayin ƙofar jami'a, shi ya rage a fili. Ɗan shekara bakwai kuwa ba ya iya amincewa da haɗarin da zai bayyana yana ɗan arba'in.

Ra'ayinmu shi ne kada yaro ya buga ƙwallon kayarwa kafin ya cika shekara 14. Kafin nan ya buga na zare ƙyalle, kuma masu shirya shi su samar wa yaro mai jiki gurbi na gaske, domin wannan ne babban giɓin nau'in, kuma idan ba a cike shi ba an zalunci wanda ya fi buƙatar wasan. Ba mu bi Dakta Omalu zuwa shekara 18 da ya nema ba, duk da girmansa a idonmu, saboda binciken da ake da shi bai nuna 'yan shekarun sakandare kaɗai na lalata rayuwar mafi yawan samari ba, kuma amfanin da suke samu a wannan mataki na zahiri ne. Ba mu tsaya a 12 ɗin Kalifoniya ba, saboda kowace shekara da aka rage riba ce, kuma sha huɗu ita ce shekarar shiga babbar sakandare a can, inda aka fi samun ƙwararrun masu horarwa da ma'aikatan lafiya. Ya fi kyau ƙungiyoyin wasan su kafa wannan iyaka da kansu. In sun ƙi, majalisu na da hurumi, kuma a ganinmu Newsom ya yi kuskure.

Bayan sha huɗu ma ba sakin jiki za a yi ba. A taƙaita karo a atisaye, kamar yadda dokar Kalifoniya ta 2019 ta ƙayyade wa ƙungiyoyin yara minti 30 a rana, sau biyu a mako, ko a daina kayar da juna a atisayen kakar wasa gaba ɗaya kamar yadda jami'o'in Ivy League suka yi tun 2016. Kada a buga babu ma'aikacin lafiya a gefen fili. Kada kuma a manta da zafi, wanda ya kashe Korey Stringer na Minnesota Vikings a sansanin atisaye a 2001. Ɗan wasan da zafi ya kayar, a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara nan take tun kafin a ɗauke shi zuwa asibiti, wannan ne ke ceton rai.

A nan gida kuma abin ya zo mana da sauƙi, domin ba mu gaji wata al'ada ta shekara ɗari da za mu yi faɗa da ita ba. Nau'in zare ƙyalle shi ne zai shiga gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028, kuma tawagogin Najeriya na maza da mata su suka lashe gasar Afirka a Alƙahira a 2025. Ba ya buƙatar hular kwano mai tsada, balle tsofaffin hulunan gwanjo da ba wanda ya san irin bugun da suka sha. Muna kira ga ma'aikatun wasanni da na ilimi a Najeriya da Ghana da Nijar su rubuta iyakar shekara 14 cikin ƙa'idojinsu tun yanzu, kafin wani ya buɗe makarantar kayarwa ta 'yan firamare a garin da babu na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Ku kuma iyayen da ke Amurka, idan yaro ɗan shekara takwas ya kawo muku takardar nan, ku nemar masa ƙungiyar zare ƙyalle, ku kai shi fili da kanku, ku tsaya ku kalli wasansa. Takardar kayarwa kuwa kada ku sa mata hannu sai ya cika sha huɗu.